Rodin Dakta Sahabi

Duk wanda ya ce Illela ba ta da abin alfahari sai kasuwar dabbobi da buhunan albasa, to bai taɓa yin ciwon haƙori ba. Da ya taɓa yi, da ƙafarsa ta kai shi gaban wani shago mai ƙofa biyu a bakin titin da ya miƙe zuwa iyaka, da kuma ya ɗaga kai ya karanta allon da ya fi shagon faɗi: ASIBITIN HAƘORI NA ƘASA DA ƘASA. Kada kowa ya yi dariya. Mutanen Ƙonni suna zuwa, Ƙonni kuwa a wata ƙasa take, ko da yake ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo da kai kafin shayinka ya huce. A ƙarƙashin sunan, da jan fenti, an rubuta taken gidan: A NAN BA A CIRE HAƘORI.

Mai gidan shi ne Dakta Sahabi Yari, mutumin da Allah ya yi wa baiwar da shi kansa take ba mamaki kullum safiya. Takardun shaida goma sha ɗaya ne a bangon ofishinsa. Ɗaya ta karatun likitan haƙori ce, ta gaske, babu mai ja. Sauran goman na halartar taro ne, har da wadda aka ba shi saboda ya wuni a wani otal a Abuja ya ci shinkafa da kaza. Yana rataya abin sauraren ƙirji a wuya, duk da cewa tun da aka halicci haƙori ba a taɓa jin yana numfashi ba. A ƙauyen Lafani aka haife shi, amma ya bar Hausar Lafani a Lafani. Shi ba ya cewa "mi", sai "me", irin ta masu karanta labarai. 'Yan tasha suna kiransa Ba-a-cirewa. Da ya ji, sai ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga musu hannu.

"Cire haƙori aikin wanzamai ne," haka yake gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa, baki buɗe, ba halin musu. "Ni ceto nake yi. In huda haƙori, in bi saiwarsa, in fitar da jijiyar da ta mutu, in share ramin tas, in cike. Haƙori ya zauna daram har ranar da za a tashe mu. Turawa suna ce masa rut kanal. Ku ba sai kun iya faɗa ba."

Da wasu 'yan allurai masu murɗi ake share wannan rami, sirara, ba su kai tsinken tsintsiya kauri ba. Kowace tana da iyakarta. In ta yi aiki 'yan lokuta sai ta gaji, a yar da ita. Malama Ruƙayyatu, nas ɗin da ta yi shekara talatin a asibitin gwamnati kafin ta yi ritaya ta zo nan, ta sha ware gajiyayyun ta tura gefe. Shi kuma ya sha mayar da su cikin tire.

"A hannun wasu suke gajiya, Malama," in ji shi. "A hannuna hutawa suke yi."

Wata ranar kasuwa aka shigo da Hajiya Mahbuba daga Tozai, ta dafe kunci da gefen mayafi. Dattijuwa ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Da ta buɗe baki sai ga haƙorin Makka yana walƙiya a sama, kusa da na gaba, kuma shi ne mai ciwon. Tsutsa ta bi ta ƙarƙashin zinariyar ta kai ga jijiya.

Wannan haƙori yana da tarihi, kuma ta ba da shi a taƙaice. Mijinta, Malam Halliru, magini ne. Shekara talatin yana jera bulo a rana kafin ya iya kai su aikin hajji su biyu. Ana gobe za su taso, ya riƙe hannunta ya kai ta wurin masu sa haƙori, ya sa aka yi mata. Shi bai sa ba. Ya ce in ta yi dariya ya gani, ya ishe shi. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa. Gidan da suka zauna an raba, kayan aikinsa ƙannensa sun kwashe. Abin da ya rage mata wanda hannun Halliru ya kai ta gare shi, shi ne wannan haƙori.

"Na tahi wuri biyu, ɗana, duk sun ce a hidda shi," ta ce. "Sai anka karanta mani allonka. In ka hidda haƙorin ga, ka raba ni da Halliru karo na biyu."

Dakta Sahabi ba ya son a ce masa "ɗana", amma yana son a karanta allonsa. Ya gyara abin wuyansa.

"Hajiya, ki gode wa Allah da ya nuna miki ƙofar nan. Wannan haƙori da shi za a binne ki."

Ta ce amin, har da hawaye.

A yi masa adalci, ya fara aikin da kyau. Ya yi allurar kashe zafi, ya huda ta bayan zinariyar yadda ba mai gani, ya sami ramin saiwa. Sai dai Dakta ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Yana murza allura yana ba Malama Ruƙayyatu labarin taron Abuja karo na ɗari, yadda wani farfesa ya taso daga kujerarsa takanas don ya tambaye shi ƙarfe nawa. Saiwar haƙorin tana da ɗan lanƙwasa a can ƙarshe. Allurar kuwa tana cikin waɗanda Malama ta ware tun makon jiya. Ta kai lanƙwasar ta cije. Mai hankali zai ja baya. Dakta yana daidai wurin da farfesa ya ce masa na gode, saboda haka ya ƙara murzawa.

Ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar ashana ba, amma Dakta ya ji ta har cikin cibiyarsa. Ya zaro allurar. Ta shiga da tsawonta, ta fito guntuwa.

"Mi?" ya ce, da Hausar Lafani tsantsa.

Malama Ruƙayyatu ta dubi allurar, ta dube shi. Kallon nata ya fi zagi ciwo.

To, a nan ya kamata a faɗi gaskiya: karyewar allura a cikin saiwa ba abin kunya ba ne. Tana karye wa manyan likitoci a manyan asibitoci. Abin da ake yi sananne ne. A gaya wa mai haƙori, a gwada fitar da guntun, in ya gagara a tura shi Sakkwato inda suke da kayan aikin. Kalma huɗu ce kacal: Hajiya, allura ta karye. Dakta Sahabi yana iya yin awa guda yana magana bai haɗiyi yawu ba, amma waɗannan huɗun sun gagare shi. Ya yi ta tono har gumi ya jiƙa masa kwala. Guntun ya ƙara nutsewa. Da ya gaji, sai ya cike abin da ya samu na ramin, ya toshe, ya ɗauki hoton haƙori yana addu'ar kada komai ya fito.

Ya fito. Ga shi nan a ƙarshen saiwa, fari fat, miƙe. Hajiya kuwa idonta garau yake.

"Likita, wanga farin tsinke hwa?"

A irin wannan lokaci ake gane mai baiwa. Dakta ya dubi hoton, ya dubi matar magini, sai ya ji wani haske ya sauko masa.

"Hajiya, kin ce marigayi magini ne. In zai zuba ginshiƙi, me yake sawa a ciki?"

"Rodi."

"To, rodi ne. Sabuwar fasaha ce, ni na ƙirƙiro ta. Haƙori mai daraja irin wannan ba a barinsa haka nan. Ke ce ta farko da na yi wa a duk faɗin Afirka ta Yamma."

Hajiya Mahbuba ta rufe fuska ta yi kuka mai daɗi. Ta ce Halliru bai taɓa yi wa mai gida ƙwauron rodi ba, ashe ita ma za a saka mata. Ta sa masa albarka, ta sa wa iyayensa. Malama Ruƙayyatu ta shige ɗakin wanke kaya, aka ji tire ya faɗi da ƙarfi.

Abin haushin shi ne, kafin la'asar Dakta ya fara yarda da maganarsa. Ya riƙa ɗaga hoton a taga yana kallo. Lallai kuwa guntun ya zauna a miƙe, kamar da gangan. Wa ya san ko hannunsa ya riga ƙwaƙwalwarsa gano wani abu? Ai manyan abubuwa da yawa haka aka gano su.

Illela gari ne na masu gini da masu sayar da kayan gini, ba wanda za a yi wa bayanin rodi. Cikin mako biyu labari ya zaga kasuwa ya ƙetara iyaka. Sai ga Alhaji Mukhtar, dilan siminti, mutumin da ba ya yarda a riga shi komai, ya faka mota ya shigo yana huci.

"Likita, ashe kana sa rodi, kab bari wata tsohuwa ta Tozai tar riga ni? Biyu nika so. Kuma mai kauri, mai milimita sha shidda."

Dakta ya leƙa bakin Alhaji. Haƙora talatin da biyu, lafiyayyu, ko wanne zai iya buɗe kwalba. Bai san yadda ake karya allura da gangan ba, kuma ko shi yana da iyakar da tsoro yake tsayar da shi. Amma ya ce babu rodi? Sai dai a mutu. Ya yi wa Alhaji allurar kashe zafi, ya kunna injin huda ya riƙe shi kusa da haƙorin turmi yana ta kuka rabin awa bai taɓa komai ba, ya shafa ɗan farin abu, ya ce an gama, biyu cif. Alhaji ya fita leɓe a karkace yana murna. Daga ranar, duk majalisar da ya zauna sai ya nemi ƙashi ya fasa a gaban jama'a.

Hajiya Mahbuba ta dawo bayan kwana ashirin. Ta ce haƙorin yana mata zugi in ta taɓa.

"Sabon gini sai ya zauna," in ji Dakta. "Ba ki ga marigayi yana yi wa ginshiƙi ban ruwa ba? Ki riƙa kurkure baki da ruwan gishiri safe da yamma."

Ta koma ta yi ta ban ruwa. Ta sake dawowa da ɗan ƙurji a dasashi, yana fitar da ruwa. Ya ce danshin gini ne yake fita, alama ce mai kyau, ya ba ta kafso. Zuwa na uku leɓenta ya kumbura har ya tura hanci gefe, idonta na hagu ya ƙanƙance. Ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko haƙorin zai tsaya.

Dakta ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kuma da ya sa abin wuyan nan ya saurara, wataƙila da ya gane ko mene ne. Amma saura wata guda bikin cikar asibiti shekara goma, an riga an kai hoton haƙorin wurin masu buga allon talla. Ya ce mata ta ƙara haƙuri, ya ƙara mata kafso, ya kuma gayyace ta bikin a matsayin babbar baƙuwa. Da ta fita, ya hango ta taga Malama Ruƙayyatu ta bi ta har bakin tasha, tana mata magana a kunne, tana cusa mata wata takarda a hannu. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa, ga amfanin zama da babban mutum, har Malama ta koyi rakiyar baƙi.

Ranar biki an kafa rumfa uku, an tare rabin titi. An zo daga Darna, an zo daga Ƙonni, 'yan tasha sun cika bayan kujeru saboda an ce akwai lemo. A jikin bango an rataya hoton haƙorin Hajiya, an buɗa shi ya kai tsawon mutum, guntun allurar nan ya zama kamar taɓarya. A samansa an rubuta: RODIN DAKTA SAHABI. Alhaji Mukhtar yana layin gaba da babbar riga. Shi kuwa mai bikin ya sa farar rigar likita a kan shadda, ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ni ba mai son yabon kai ba ne, kowa ya sani. Amma tarihi ba ya jin kunya. Shekara goma, haƙori ko ɗaya bai fita ta ƙofar nan ba. Turawa sun ƙirƙiro rut kanal, mun gode musu, sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma sun bar haƙori ba ginshiƙi. Sai da aka jira wani ɗan Illela. Ba zan faɗi sunansa ba."

Aka yi tafi. Ya yi minti arba'in yana ƙin faɗin sunan. Sannan ya ce a taso da shaida mai rai.

Hajiya Mahbuba ta taso daga cikin mata a hankali, ta ja mayafi ta rufe baki. Kumburin ya saɓe, Dakta ya lura, ya kuma yi wa kansa barka. Ya riƙe mata makirfo da hannunsa.

"Hajiya, yi wa jama'a murmushi su ga aiki."

Ta sauke mayafin. Ta buɗe baki. Inda zinariya take a da, sai wani baƙin gurbi.

Ta kwance ƙullin da ke gefen mayafinta, ta shimfiɗa a tafin hannu. Haƙorin Makka ne, da saiwarsa, da wani ɗan ƙarfe a gefe wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Sakkwato nit tahi," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, makirfo ya ɗaga mata. "Likitar can ta ce wanga ba rodi ba na, allura ta tak karye. Ta ce allura tana karye ma kowa, ita ma ta taɓa karye mata. Ta ce da an hwaɗa mani tun ranar, da sun yi dabara haƙori ya tsaya. Amma wata ukku ina ban ruwa, ruɓa ta ci ƙashi. Dole anka hidda shi."

Dakta ya yi ƙoƙarin janye makirfo. Ta riƙe hannunsa, hannun matar magini.

"Ɗana, Halliru ya yi shekara talatin yana gini. Shebur ya karye mai, ba sau ɗaya ba. Ban taɓa jin ya binne shi cikin bango ya ce ma mai gida rodi na ba."

Ta ɗauki ɗan ƙarfen da yatsa biyu ta sa masa a aljihun farar riga, kusa da biro. Haƙorin kuwa ta mayar cikin mayafi ta ƙulle sau biyu. A nan ne idonta ya kawo ruwa, kuma babu wanda ya iya kallonta.

Kujera ta faɗi a layin gaba. Alhaji Mukhtar ne ya miƙe, ya dafe muƙamuƙi da hannu biyu.

"Likita! Ita rodi guda yas sa ta haka. Ni biyu gare ni! Sha shidda!"

Ya fara salati yana kiran direba a kai shi Sakkwato yanzu-yanzu, yana cewa ya ji sun fara motsi. Mutane suka riƙe shi. Dakta Sahabi ya duba hagu ya duba dama. Hanya ɗaya ce ta kwantar da dilan siminti, kuma ya manta makirfo yana hannunsa a kunne.

"Alhaji, kwantar da hankalinka! Wallahi ba komi cikin naka! Ban sa maka komi ba, inji kawai nik kunna!"

Lasifika uku suka kai maganar har shingen kwastan.

Alhaji ya tsaya. Ya taɓa turminsa da harshe. Ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdu lillahi, da zuciya ɗaya. A shekara goma na Asibitin Ƙasa da Ƙasa, ba a taɓa yi wa Dakta godiya mai zurfin wannan ba, kuma daga mutumin da bai yi wa komai ba ta fito.

Jama'a suka watse da lemonsu. Malama Ruƙayyatu ta cire hular aiki ta ajiye a kan kujera, ta kama hannun Hajiya suka nufi motar Tozai.

Allon yana nan har yau, don Dakta ya ce ba a gina tarihi da surutun jahilai. Kuma a gaskiya allon bai taɓa yin ƙarya ba. A NAN BA A CIRE HAƘORI. Wani ɗan tasha ne dai ya ga bayanin bai cika ba, ya samo gawayi ya ƙarasa shi a ƙasa: SAI AN JE SAKKWATO.